Zanen da aka buga sau hamsin: na mai zane ne ko na mai bugu?

Duk sa'ad da labari ya fito cewa an yi gwanjon wata takarda mai ɗauke da sa hannun shahararren mai zane irin Picasso ko Chagall da kuɗi masu kauri, sai tambaya guda ta riƙa yawo a bakin mutane: ashe ba kwafi ba ce? In har akwai irinta hamsin a duniya, kuma ba mai zanen ne ya juya injin da ya fitar da ita ba, to me aka saya, aikin hannu ko sa hannu? Wasu kuma ta ɗaya ɓangaren suke kama zancen. Su a wajensu wanda ya yi gumin bugun ne aka danne: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kowanne daga cikin zantukan nan biyu yana da ƙamshin gaskiya, sai dai duka sun taso ne daga rashin sanin yadda ake yin aikin da ake kira litogirafi, wato bugun dutse. Wanda ya ga yadda mutum biyun nan suke aiki a kan dutse ɗaya, tambayar tasa ma za ta sauya.

Mene ne bugun dutse?

Wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ne ya gano dabarar a birnin Munich a 1796. Marubucin wasan kwaikwayo ne da ke neman hanya mai sauƙin kuɗi ta buga rubuce-rubucensa, kuma a 1818 ya fitar da littafin da ya bayyana sana'ar dalla-dalla. Asalin abin ba wani sirri ba ne: ruwa da mai ba sa haɗuwa.

Ana samo wani irin dutse mai santsin fuska, dangin wanda ake yin siminti da shi, mafi shahara shi ne na Solnhofen a yankin Bavaria na Jamus. Mai zane zai yi zanensa kai tsaye a fuskar dutsen da alli mai maiƙo, ko da wata baƙar tawada mai maiƙo da ake kira tush. Daga nan sai a shafe dutsen da ruwan ƙaro wanda aka ɗiga wa asid kaɗan. Wannan haɗi yana sa wurin da aka zana ya riƙe maiƙo, wurin da ba a taɓa ba kuma ya riƙe ruwa. In an zo bugu, sai a jiƙa dutsen da soso, a gangara abin shafa tawada a kai. Tawadar, da yake mai ce, za ta maƙale a kan zanen kawai, ta guji inda yake a jiƙe. A ɗora takarda, a tura cikin inji mai matsi, zane ya fito. Kowace takarda sai an sake jiƙawa, an sake shafa tawada. Kowane launi kuma da dutsensa, ko farantin alminiyon da a yanzu yake maye gurbin dutse a wurare da yawa.

Kalmar "kwafi" ba ta dace da wannan ba. Kwafi yana nufin akwai wani asali a rataye a bango, an ɗauki hotonsa an yawaita. A bugun dutse babu wannan asalin. Zanen da ke kan dutse a juye yake, dama ta koma hagu, kuma ba a yi shi don a kalle shi a can ba. In an gama bugu ma goge shi ake yi a ba wani mai zane dutsen. Takardun hamsin ɗin nan su ne aikin, ba su da wata uwa da aka kwaikwayo.

Abin da ya dagula lissafi shi ne injinan da ke buga jaridu da kalandu da kwalayen kaya su ma a kan wannan ƙa'ida ta ruwa da mai suke aiki, kuma a Turance suna ɗaya ake kiran su da shi. Saboda haka ɗan kasuwa yana iya ɗaukar hoton wani zanen fenti, ya buga dubu goma a inji, ya kira shi litogirafi, kuma a zahirin lafazi bai yi ƙarya ba.

To me mai bugu yake yi da mai zane ba zai iya ba?

Aikinsa yana farawa tun kafin mai zane ya iso. Shi zai niƙe fuskar dutsen da garin yashi na musamman da ruwa, ya goge tsohon zane sarai, ya daidaita ta kada wani gefe ya fi wani tudu, domin dutsen da bai daidaita ba yana iya tsagewa a ƙarƙashin matsi. Kaushin da zai bari a fuskar ma zaɓi ne: mai son layi siriri da mai son inuwa mai taushi ba dutse iri ɗaya ake gyara musu ba.

Sai babbar magana, wato haɗa ƙaro da asid. Ɗigo-ɗigo ake ƙirga asid ɗin. In ya yi yawa, zai cinye wuraren da aka zana da sassauƙan hannu, inuwar da mai zane ya kwana yana lallaɓawa ta ɓace, kuma ba ta dawowa. In ya yi kaɗan, maiƙo zai riƙa yaɗuwa, bayan 'yan takardu zanen ya toshe ya zama baƙi ƙirin. Sau da yawa zane ɗaya yana buƙatar haɗi biyu ko uku, wuri mai duhu da nasa, wuri mai haske da nasa. Zafin ɗaki da laimar iska duk suna shiga lissafi, abin da ya yi daidai jiya yana iya ƙin yi yau. Ba a koyon wannan daga littafi kaɗai. Sai mutum ya ɓata duwatsu da dama kafin idonsa da hannunsa su nuna.

Dutsen kuma ba ya mantuwa. Mai zane ya dafa shi da tafin hannu mai gumi, sawun zai fito a bugu. Don haka mai bugu yana tsaye kusa, yana faɗin abin da dutse zai karɓa da wanda zai tofar.

Bayan haka akwai haɗa launi har ya dace da abin da ke ran mai zane, wanda sau tari shi kansa ba ya iya faɗinsa da baki sai ya gani. Akwai saita takarda ta faɗa daidai wuri ɗaya a kan dutse na biyu da na uku da na bakwai, ba tare da launi ya zame ko da kaurin gashi ba. Akwai kuma juriyar fitar da takarda ta hamsin ta yi kama da ta farko, alhali hannu ya gaji, tawada tana sauya hali.

Amma da za ka tambayi masu sana'ar, da yawansu za su ce duk wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne zama da mutum. Wani mai zanen yana son a yi ta ba shi shawara, wani kuma ko tari ka yi ka ɓata masa tunani. Gwanin bugu yakan ga inda aiki zai fi kyau a nasa ganin, ya haɗiye, domin ba zanensa ba ne. Yakan kuma ji an nemi abin da duk ƙa'idar sana'a ta ce ba ya yiwuwa, maimakon ya ce a'a, sai ya ce a ba shi zuwa gobe.

Bijimin Picasso da dutsen da ya fashe

A watan Nuwamban 1945 Picasso ya shiga maɗaba'ar Fernand Mourlot a Paris, ya shafe watanni yana zuwa kusan kullum. Bai damu da ƙa'idojin da ma'aikatan suka gada ba. Yana kankare dutse, yana gogewa, yana sake zane a kan wanda aka riga aka shafa wa ƙaro. Tsakanin Disamban 1945 da Janairun 1946 ya yi shahararren zanensa na bijimi a matakai goma sha ɗaya. Ya fara da ƙaton bijimi mai tsoka da nauyi, yana ragewa yana ragewa, har ya ƙare da 'yan layuka ƙalilan. Duk a kan dutse ɗaya aka yi. A kowane mataki sai masu bugu sun fitar da gwaji, sun sake buɗe dutsen ya karɓi sabon zane ba tare da ya lalace ba. Tunanin rage bijimin na Picasso ne, babu mai ja. Amma da dutsen ya mutu a mataki na huɗu, da yau ba a san da sauran bakwai ɗin ba. A wannan maɗaba'a ce kuma aka buga zanensa na kurciya na 1949, wanda ya hau kan fostar taron zaman lafiya na duniya da aka yi a Paris a shekarar.

Labari na biyu daga Amurka yake. Mai zane Robert Rauschenberg da farko raina sana'ar ya yi, yana ganin rabin ƙarshe na ƙarni na ashirin ba lokacin komawa rubutu a kan duwatsu ba ne. Daga baya ya shiga. A 1963 dutsen da yake aiki a kai ya tsage biyu a cikin inji. A al'ada shi ke nan, aiki ya tashi. Shi kuwa ya ce a buga haka nan, da tsagar da ɓarɓashin da ya zube. Buga fasasshen dutse ba wasa ba ne, sai an san yadda za a riƙe ɓangarorin biyu kada su motsa ko su yaga takarda. Aka yi, ya raɗa wa aikin suna Accident, wato hatsari, kuma ya ci babbar kyauta a bikin baje kolin zanen bugu na birnin Ljubljana a shekarar.

Yadda aka ceto sana'ar a Amurka

A Turai, musamman Faransa, maɗaba'u irin na Mourlot sun daɗe suna gadon sana'ar daga uba zuwa ɗa, daga maigida zuwa yaro. Mai zane Goya yana dab da shekara tamanin ya yi zanukansa na wasan bijimai a Bordeaux a 1825 tare da mai bugu Gaulon. Mai zane Toulouse-Lautrec har ya zana dattijon mai bugunsa, Cotelle, yana juya inji a wani zane na 1893, abin da ba kasafai masu zane suke yi wa masu bugunsu ba.

A Amurka kuwa, zuwa shekarun 1950 gwanayen da suka rage ba su taka kara sun karya ba. Mata biyu ne suka juya al'amarin. Tatyana Grosman ta kafa maɗaba'ar Universal Limited Art Editions a gidanta da ke Long Island a 1957, da duwatsu biyu da ta tsinta a farfajiyar gidan da wani tsohon inji. Ita ta yi ta bin masu zane irin su Jasper Johns da Helen Frankenthaler da Rauschenberg har suka yarda suka gwada dutse. Gwanin bugunta na farko shi ne Robert Blackburn, baƙar fata ɗan Harlem, wanda shi ma mai zane ne na kansa. Takardun farko da suka ɗaga sunan wannan gida ta hannunsa suka bi, amma an daɗe ana ambaton masu zanen ba tare da shi ba.

Ta biyu ita ce June Wayne, wadda sai da ta je Paris kafin ta samu mai bugun da zai yi mata aikin da take so. Ta dawo ta shawo kan Gidauniyar Ford ta ba da kuɗi, ta buɗe cibiyar bugu mai suna Tamarind a Los Angeles a 1960 tare da Clinton Adams da Garo Antreasian. Manufarta ba fitar da zane kaɗai ba ce, horar da masu bugu ne. Ana gayyato mai zane ya zauna wata biyu, a haɗa shi da masu koyo, kowa ya koyi zama da ɗan'uwansa. A 1970 cibiyar ta koma Jami'ar New Mexico a Albuquerque, kuma har yau tana yaye gwanaye. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fito daga can, Kenneth Tyler, yana cikin waɗanda suka kafa maɗaba'ar Gemini G.E.L. a 1966, inda a 1967 aka buga Booster na Rauschenberg, hoton ƙasusuwan jikinsa mai tsayin ƙafa shida, wanda sai da aka haɗa duwatsu biyu a takarda ɗaya. Wani kuma, Mark Attwood, ya buɗe maɗaba'ar The Artists' Press a Afirka ta Kudu a 1991.

Rubuce-rubucen da ke gindin takarda

In ka ga an rubuta 12/50 da fensir, ma'anarsa takarda ta goma sha biyu cikin hamsin. Mutane suna zaton ta ɗaya ta fi ta hamsin kyau. A bugun dutse ba haka ba ne, domin sau da yawa sai an gama duka, an tsince marasa kyau an yaga, sannan a sa lamba, ba lallai bisa jerin fitowarsu ba.

Mafi muhimmanci ita ce takardar da ba ta shiga kasuwa da farko. Bayan an yi ta gwaji, ranar da aka fitar da wadda ta kwanta wa mai zane a rai, sai ya rubuta mata kalmomin Faransanci bon à tirer, wato ta yi, a buga. Ita ce ma'auni, duk takardar da ta biyo baya da ita za a gwada ta. A al'adar sana'ar, wannan takarda ta mai bugu ce. Akwai kuma 'yan ƙalilan da ake ware wa mai zane a wajen lissafin hamsin ɗin.

Sai hatimi. A kusurwar takarda akan danna wata 'yar alama marar tawada, wadda sai ka karkata takardar ga haske ko ka shafa da yatsa za ka lura da ita. Tamarind ta tsaya a kan a sa biyu, na maɗaba'a da na mutumin da ya yi bugun, sannan a rubuta takardar shaida mai faɗin adadi, irin takarda, yawan launuka da sunan kowa. In an kammala, akan ja layi a kan zanen da ke dutse a buga guda ɗaya a matsayin hujjar cewa an kashe shi, ba za a ƙara ba.

Ina iyakar taimako take?

Wannan gardama ta tsufa. A 1897 har kotu ta kai a Landan, bayan da mai zane Walter Sickert ya rubuta a jarida cewa aikin wani mai zane, Joseph Pennell, ba litogirafi na gaskiya ba ne, tunda a takarda ta musamman ya zana, mai bugu ne ya mayar da shi kan dutse. Pennell ya kai ƙarar ɓata suna, mai zane Whistler ya ba da shaida a gefensa, aka ba shi diyyar fam hamsin.

Wancan mai sauƙi ne, tunda layin na Pennell ne ko ta ina ya bi. Mai wuya shi ne irin na mai zane Cézanne. A ƙarshen shekarun 1890 ya yi zanen baƙi na masu wanka, ya shafa wa gwaji ɗaya launin ruwa da hannunsa, sai mai bugu Auguste Clot ya zauna ya zana duwatsun launukan yana bin wannan samfuri. Launin da ake yabo a takardar, hannun wa ke nan? Haka Charles Sorlier na gidan Mourlot ya mayar da zanukan fenti na Chagall da dama zuwa dutse, Chagall ya duba ya amince ya sa hannu. Kasuwa tana bambanta waɗannan da waɗanda Chagall ya zana da kansa, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

A 1961 ƙungiyar masana zanen bugu ta Amurka, Print Council of America, ta yi ƙoƙarin shata layi da sharuɗɗa uku: mai zane ne da kansa ya yi zanen a kan dutse ko faranti, an buga kai tsaye daga nan da hannunsa ko bisa umarninsa, kuma ya amince da abin da ya fito. Ba a jima ba masu zane irin su Rauschenberg suka fara cusa hotunan jarida da na kyamara a cikin aikinsu, sharaɗin farko ya fara tangal-tangal. Duk da haka ya fi babu. Inda babu layi sam, abin da ya faru da sunan mai zane Salvador Dalí ne yake faruwa: ya sa hannu a kan dubban fararen takardu tun ba a buga komai a kansu ba, kasuwa ta cika da kayan da bai taɓa gani ba, har yau masu saye suna ɗari-ɗari da duk wata takarda mai sunansa.

Waye ya cancanci suna?

Masu cewa mai bugu abokin ƙirƙira ne suna da hujja: akwai launuka da salon inuwa da ba za su taɓa samuwa ba sai don wani gwani ya ƙirƙiro hanyar. Masu cewa a'a su ma suna da tasu, kuma abin mamaki, da yawa daga cikinsu masu bugun ne da kansu. Suna cewa ranar da mai bugu ya fara jin zanen nasa ne, ranar ya daina amfani, domin duk wanda ya zo wurinsa zai fita da aiki mai kama da na wanda ya gabace shi.

Ni dai ina ganin sa hannun na mai zane ne, domin shi yake da kalmar ƙarshe, shi yake cewa ta yi ko ba ta yi ba, shi kuma zai sha zagi in aikin ya zama shirme. Amma sa hannu daban, ambato daban. Babu dalilin da zai sa gidan baje koli ya rubuta irin takardar da aka yi amfani da ita da faɗinta da tsawonta, ya kasa rubuta sunan wanda ya buga. Manyan gidajen adana zane da dama sun gyara wannan, suna sa sunan mai bugu da na maɗaba'a a bayanan aikin. Batun kuɗi kuwa ya danganta da tsari: wani lokaci mai zane ne yake biyan ladan aiki ya kwashe takardunsa, wani lokaci maɗaba'ar ce take gayyatarsa, ta ɗauki nauyin komai, a raba abin da aka samu.

Abin da ya shafi mai saye

Amfanin bugun dutse ga wanda ba attajiri ba shi ne yana iya mallakar aikin hannun babban mai zane da kuɗin da bai kai na zanen fenti ba ko kusa. Haɗarinsa kuma shi ne a sayar masa da fosta da sunan aikin hannu. Lamba da sa hannu kaɗai ba hujja ba ne, ana sa su a kan hoton da injin kwamfuta ya fesa. Jihohin Kalifoniya da New York suna da dokokin da suka tilasta wa mai sayarwa bayyana yadda aka yi takardar da adadinta, amma a yawancin wurare mai saye ne zai tsare kansa.

Tambayar farko ita ce: wa ya yi zanen a kan dutsen? Ta biyu: a wace maɗaba'a, kuma wa ya buga? Mai kayan gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, yakan ma ɗauko takardar shaida tun ba a nema ba. Sannan a duba da gilashin ƙara girma. Hoton da aka buga a injin kasuwanci yakan nuna ɗige-ɗige a jere reras kamar raga, na dutse kuwa ƙwayoyinsa a warwatse suke, suna bin kaushin dutsen da mai bugu ya niƙa. In zanen da ke takardar sananne ne da ke rataye a wani gidan tarihi da fenti a kan ƙyalle, to wannan hotonsa ne aka buga, komai kyawun sa hannun da ke gindinsa.